Wanda Ya Canza Gwajin Jini

Alhaji Rabe ya shigo ofishin Sufeto Nehemiah yana huci, surukinsa Nabil na biye da shi. Jikansa, ɗan Nabil da Sumayya 'yar Alhajin, yana kwance a asibiti da ciwon sikila, alhali gwajin da aka yi kafin aure ya nuna Nabil AA ne. Da aka sake gwadawa sai ya fito AS, irin na matarsa. Alhaji ya ce sai an ɗaure wanda ya cuce su. Nabil ma har ya fi shi ɗaga murya. Ya ce shi bai san komai kan kwamfuta ba, abin da aka miƙa masa ya karɓa.

A ɗakin gwajin da ke unguwar Barunde, mai wurin ya rantse AS suka shigar a kwamfuta, daga baya ne aka canza. Ya ɗora laifin kan Batul, wadda ta rubuta musu manhajar, ya ce ita kaɗai ta san cikinta.

Aka kawo Batul idonta jawur don ɓacin rai. Ta san in ba a samu mai laifin ba, ita za ta tsaya gaban alƙali. Ta yi bayanin cewa manhajar ba ta buɗe wa kowace na'ura sai ta auna sunanta da wani tsarin alamomi da ake kira regex. Amma ta manta alamar da ke nuna inda sunan ya ƙare, don haka duk sunan da ya fara da na ɗakin gwajin zai wuce, ko me aka liƙa masa a baya. Tun da ta gano haka ta nemi a dakatar da aiki ta gyara, mai wurin ya ƙi, wai lokacin bukukuwa ne.

"Wa kika gaya wa bayan shi?" in ji Sufeto.

Ta ce ta taɓa ba da misali da kuskuren a ajin kwamfuta da take koyarwa a unguwar Kumbiya-Kumbiya.

Ran Sufeto ya ɓaci. Ya ce ta bar ƙofa a buɗe, sannan ta nuna wa jama'a hanya. Ya sa aka bi lambar IP, wato adireshin intanet na na'urar da ta shiga, ta kai su cibiyar da ajin yake.

Washegari ya kira Alhaji da surukinsa, ya sa aka shigo da Batul. Tana ganin Nabil ta tsaya cak.

"Yallaɓai, wannan ɗalibina ne. Shi ya tsaya bayan darasi ya ce in sake masa bayani."

Nabil ya ce bai taɓa ganinta ba. Sufeto ya buga tebur, ya ce sauran 'yan ajin na waje, ko a shigo da su? Nan Nabil ya amsa cewa shi ya canza sakamakon. Ya ce tun da farko ya san shi AS ne, kuma Alhaji ya rantse ba aure in sun zo ɗaya. Ya ɗauka Allah zai tsare 'ya'yansu.

Da aka sa masa ankwa, ya roƙi a bar shi ya ga yaron. Alhaji bai ko dube shi ba.

"Ku tafi da shi," ya ce. "Ni zan koma asibiti. Sumayya na can tana jira in gaya mata wanda aka kama."