Yatsun Injiniya

Duk layinmu Injiniya muke kiransa, tun bai taɓa samun aikin ko sisi ba. Gina shafukan intanet ya koya, kuma ya iya daidai gwargwado. Ni maƙwabcinsu ne, katanga ce kawai tsakaninmu, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani, sauran a bakinsa na ji.

Intabiyun neman aiki ce ta zame masa ƙarfen ƙafa. A irin aikinsu ba hira ake yi ba. Kamara za a kunna, a ce ka gina abu nan take ana kallonka, kana rubutawa kana bayani. Yayarsa, malamar makaranta ce, kullum in ta dawo sai ta zauna da wayarsa tana karanto masa tambayoyin gwaji, ko rabinsu ba ta ganewa.

"Wai yaya za ka sa akwati ya tsaya a tsakiyar shafi? Kai, wannan ma tambaya ce? Ka tura shi mana!"

A gabanta ba ya gargada. A gaban masu ɗaukar aiki kuwa, kansa sai ya ɗauke kamar an zare fulogi. Aka yi ta ce masa "za mu neme ka". Sa'anninsa suka sayi motoci, zuciyarsa ta fara baƙi.

Ƙarshe dai aka kai shi wurin wani boka, a bayan wani shagon tsofaffin ƙarafa yake. Ɗakin ba taga, rana tsaka amma sai da aci-bal-bal. Ƙahonni a rataye, madubi a kife, ga wata ƙwarya cike da baƙin ruwa mai kauri, ƙuda ba ya sauka a kanta.

"So nake duk abin da aka tambaye ni ya zo," in ji Injiniya.

"Zai zo. Amma kai ba ya cika sai an ɗebo daga wani wuri."

"Ni fa ba na zub da jini, Baba."

Boka ya yi murmushi. "Wa ya yi zancen jini? Kaɗan-kaɗan za a riƙa ɗiba daga inda ake sonka. Akwai masu sonka?"

"Akwai."

"To kai mai arziki ne. Sa hannu."

Ya tsoma hannayensa biyu. Ruwan da ɗumi, kamar jikin mutum.

A intabiyun da ta biyo baya aka ce ya gina jerin kaya da zai riƙa tace kansa yayin da mai saye ke rubutu, ya kuma zauna daidai a waya da kwamfuta. Kafin mai tambaya ya rufe baki yatsunsa sun kama gudu, bakinsa na zubo bayanin da shi kansa bai sani ba. Aka ɗauke shi da albashin da ya sa mahaifiyarsa kuka. Ya sake gina musu gidan, ya sayi mota. Mu ma mun sha daɗinsa, ba zan ɓoye ba.

Mahaifinsu tsohon direba ne. Wata safiya ya tsaya a bakin layi yana tambayata ina ne gidansa. Muka ce tsufa ne. Ba a jima ba ya shiga mota, ya manta wace ƙafa ke taka birki. Haka aka kawo gawarsa.

Mahaifiyar ta tsaya a kan sallaya ta ɗaga hannu, ta juyo tana hawaye: "Me ake cewa daga nan?" Daga baya ta manta yadda ake haɗiye abinci. Muna kallo ta ƙare, likitoci sun rasa sunan ciwon.

Sai a lokacin ya lura: duk ranar da ya gama babban aiki, wani a gidan zai wayi gari da giɓi a kansa. Ya koma wurin boka a guje.

"Ka mayar musu da abinsu!"

"Daga ina? Ka sayar. Yana can cikin shafukan mutane, ana ta latsawa."

"To a tsayar."

"Ranar da aka daina sonka zai tsaya."

Ya ajiye aiki, ya fasa kwamfutar. Yatsun ba su san an yi ba. A cinyarsa suke bugawa, a bango, a kan faranti. Ya ɗaure su da tsumma, suna motsi a ciki. Yaya kuwa ta fara tsayawa gaban allo, alli a hannu, baƙaƙe sun gudu mata.

Sai ya shiga neman ta tsane shi. Ya zage ta a gaban jama'a, ya watso kayanta waje. Ina tsaye ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ta mayar ciki.

"Ka yi ta haukanka," ta ce. "Ni na goya ka. Ba inda za ni."

Ya durƙusa ya gaya mata komai, ko za ta la'ance shi. Ta shafa kansa ta ce, "Wayyo ƙanina, ashe wahalar da kake sha ke nan." Ban taɓa jin namiji ya yi kuka irin na ranar ba, kuma ba abin da ɗayanmu ya iya yi.

Yatsun sun tsaya wata la'asar. Ya shiga ɗakinta da murna yana nuna mata hannayensa. Ta ja mayafi ta matsa jikin bango.

"Bawan Allah, wa kake nema?"

Yau gidan da motar duk sun tafi a magani. Shi ke ba ta abinci a baki, tana yi masa godiyar da ake yi wa baƙo.

Ku masu shirin intabiyu, ku je ku faɗi, ku dawo ku sake karatu, ku sake faɗuwa in ta kama. Duk wanda ya ce zai cika muku kai ba da wahalarku ba, ku tambaye shi daga kan wa zai ɗebo. Ba daga kan maƙiyanku ba ne.