Ɗanyen Ɓawo a Abincin Tarwada

Da hantsi rahoto ya iso ofishin 'yan sanda cewa tarwada sun mutu a kududdufi biyu na wani dattijo. Sufeto ya sha tsayawa a kan gawa, amma bai taɓa ganin mamata masu gashin baki da yawa haka ba.

Ya tarar da dattijon a bakin ruwa, 'yarsa na gefe, idonta jawur. Ita ta lallashe shi suka bar abincin kifi na kanti mai tsada, take haɗa nata da busasshiyar tsutsa, soyayyen waken soya da ɓawon rogo. Yanzu uban ya rantse yau za ta bar masa gona.

"Malama, ɓawon rogo ba ya kisa?" in ji Sufeto.

"Ɗanye yana kisa, Yallaɓai. Nawa sai na jiƙa, na shanya ya bushe ƙayau."

"Wa ke miki niƙa?"

"Mai inji na bakin titi."

Sufeto ya damƙi garin buhun da aka niƙo jiya, sai ya dunƙule a tafinsa saboda danshi. Na tsohon buhu kuwa watsewa ya yi kamar yashi.

Da ya isa bakin titi, mai inji ya tarbe shi da fara'a, har da kakkaɓe benci.

"Abin da ta kawo shi na niƙa, ranka ya daɗe. Ko ƙwaya ban taɓa ba."

"Kana kiwo?"

"Ni? Ko kaza ba ni da ita."

Bai rufe baki ba agwagi suka kaure da kuka a bayan shago. Sufeto ya leƙa. Ga su nan ɓul-ɓul suna wawar busasshiyar tsutsa a kwano, ga tulin ɗanyen ɓawo a gefe.

"Waɗannan baƙi ne suka zo gaishe ka?"

Gumi ya keto wa mai inji.

"Tsutsar na ɗibar musu," ya ce da ƙyar. "Na cike nauyin buhun da ɗanyen ɓawo. Wallahi na ɗauka ɓawo duk ɗaya ne."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya buga masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Da Sufeto ya koma gona ya yi bayani, dattijon ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki.

"Allah ya saka maka da alheri, ɗana. Kifi kam zan sake zubawa. Amma da na kori yarinyar nan a kan laifin wani, ina zan kai wannan alhaki?"

Daɗi ya kama Sufeto har cikin ransa, don ba kullum aikinsa ke ƙarewa da addu'a ba.

Dattijon ya juya ga 'yarsa.

"Uwata, ki yafe mini. Gaya mini, me za mu ba sauran kifin yau?"