Hayaƙin Gidan Injiniya Isyaku

Hannun ƙarfe ya ɗauki tsinken nama, ya tsoma shi a man gyaɗa, ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli da yaji, ya kafa shi a gefen tukubar lantarki. Wani ɗan ido mai jan haske ya auna kaurin kitsen, ya rage zafi. Kitse ya ɗiga, ya yi cuuu, amma kafin hayaƙin ya tashi taƙi guda, mazuƙin da ke saman injin ya shanye shi tas. Cikin minti huɗu tsire ya nuna.

Sunan injin Gasau. Injiniya Isyaku ne ya ƙera shi, kuma shekara goma sha ɗaya ya kwashe yana fama. Gashin ba shi ya ba shi wuya ba, hayaƙin ne. A birnin Tudun Haske na shekarar 2094, inda benaye suka yi tsayin da sai mutum ya riƙe hularsa kafin ya hango ƙarshensu, iska ta zama abin tattali. Mazuƙin da ya ƙirƙiro yakan janye hayaƙi da ƙanshi gaba ɗaya, ya dunƙule su su zama ƴan baƙaƙen ƙwayoyi da ake zuba wa shuka. Hukumar tsaftar iska ta yi murna har ta raba Gasau unguwa-unguwa, kuma wata biyu da suka wuce ta hana hura gawayi a cikin birni. Isyaku ya yi mako guda yana tafiya kamar ba ya taka ƙasa.

Amma yau Asabar ta bakwai ke nan Malam Barau bai zo ba.

Shekara talatin ana gashin nama a bayan gidan Isyaku duk Asabar bayan La'asar, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar lemo. Abokai ne da suka tsufa tare, kowa ya san inda ake taɓa ɗan'uwansa ya yi tsalle. Barau, tsohon direban jirgin ƙasa na lantarki, shi ne sarkin kushe. Bai taɓa cewa nama ya yi daɗi ba, bai kuma taɓa barin tsinke da saura ba. Tun da matarsa ta rasu, ƴaƴansa suka watsu a garuruwa, nan ne kaɗai ake jin dariyarsa. Isyaku na ƙaunar mutumin nan fiye da yadda zai iya faɗa, kuma ganin bencinsa babu kowa ya sa tsiren ya daina yi masa daɗi.

"Ka kira shi kuwa?" in ji Tanimu, ɗaya daga cikin abokan, yana lashe yatsa.

"Na kira har na gaji. Kullum sai ya ce ya gode, ya riga ya ci abinci."

"To ko ka yi masa laifi?"

Isyaku ya juya tambayar a ransa har abokai suka watse, bai gano komai ba. Shi mutum ne da in inji ya lalace yakan buɗe cikinsa ya duba, sai dai Barau ba shi da murfi. Ya shiga gida fuska a murtuke, ya tarar da matarsa Saude tana yankan albasa.

"Injiniya, in tambaye ka mana," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "A shekara talatin ɗin nan, ka taɓa gayyatar Malam Barau?"

Ya yi tunani. Bai taɓa ba.

"To. Mutumin da ko ruwa ba ya iya roƙa a gidan mutane, kai kake kira a waya ka ce ya zo ya ci nama? Yanzu da ya rage shi kaɗai, ai gani zai yi tausayinsa kake ji. Da can hayaƙinka ne ke tsallaka katanga ya shiga tagarsa. Sai ya sa hula ya zo ya yi ƙorafi wai kun hana shi barcin rana, daga nan ya zauna. Faɗan nan shi ne takalmin da yake takowa da shi. Kai kuma ka zo ka shanye hayaƙin."

Kunya ta rufe Isyaku, irin wadda ke kama mai ilimi in an nuna masa abin da ke gaban hancinsa.

Asabar ta gaba ya lulluɓe Gasau da tsohon zani. Ya tono wata tsohuwar wayar gashin nama daga ɗakin ajiya, Tanimu ya zo da gawayi a ɓoye cikin jakar kwamfuta yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Tsofaffi huɗu suka durƙusa suna hura wuta, babu wanda ya tuna yadda ake yi sosai. Tari ya turnuƙe su, idanu suka yi ja. Isyaku ya zaɓi tozo, wurin da kitse ya fi yawa, ya ɗora, ya ɗauki murfin tukunya yana fifita hayaƙin da gangan wajen katangar yamma, ta ɓangaren gidan Barau.

Ba a yi minti goma ba aka bugi ƙofar baya da sanda.

"Wane mara tausayi ne ke ƙona taya a unguwar nan?" Barau ne, hula a karkace, ya rame ƙwarai. "Isyaku, da digirinka da komai, wannan ne gashi? Matsa can, ka kashe naman mutane."

Ya fizge murfin tukunyar, ya zauna a bencinsa, ya shiga juya nama yana zagin kowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce yajin Tanimu na marasa lafiya ne. Ya ce albasar an yanka ta kamar za a yi gini da ita. Kowa na ramawa, ana shewa, shi kuwa Isyaku ya juya baya yana share ido, ya ce hayaƙi ne.

Suna cikin haka suka ji zuuu a sama. Ƴar shawagin hukumar tsaftar iska ce, wani farin faranti mai farfela huɗu, kuma hancin da take sansano hayaƙi da shi Isyaku ne ya zana shi da hannunsa. Ta tsaya daidai kansu, ta yi sallama cikin ladabi, ta karanta musu doka sashe na tara, sannan ta sako ruwa. Wuta ta mutu murus. Tsofaffi suka jiƙe sharkaf, rabin naman ɗanye, rabi gawayi.

Barau ya kalli rigarsa, ya kalli sama, ya fashe da dariyar da har sai da ya riƙe ciki. Saude ma ana jiyo tata daga taga. Haka suka cinye naman a jiƙe, da toka da komai, suna ƙwace tsinke a hannun juna.

Da dariya ta lafa, Barau ya matse hularsa, ya yi tambaya a hankali, ba ya kallon kowa: "To, Asabar mai zuwa fa?"

Isyaku ya bi ƴar shawagin da ido tana komawa tsakanin benaye. Babu sauran gida a Tudun Haske da hayaƙi zai iya tsallaka katangarsa, kuma shi ya jawo. Sai a lokacin ya yi tunanin sauran masu kunya irin Barau da ke zaune a bayan tagoginsu a faɗin birnin, suna jiran ƙanshin da ba zai zo ba. Amma hali ba ya barin mai shi, nan take kansa ya fara lissafi.

"Kar ka damu," ya ce. "Zan ƙera wata na'ura da za ta ruɗar da hancin..."

Barau ya kama hannunsa ya riƙe gam.

"Isyaku, don girman Allah," ya ce, "kar ka sake ƙera komai. Ni zan riƙa zuwa da ƙafata."