Ranar Da Ya Ɓoye Min Kujera

"Ina kujerata?"

Na tsaya bayan kanta da jaka a hannu, ina kallon inda take zama. Wayam!

"Haba Zumata, yau kaɗai..." in ji saurayina, mai gyaran waya a shagon da nake sayar da kaya. "Na kai ta sito. Ummata za ta zo ganinki."

"To da kujerar za ta yi faɗa?"

"'Yar ƙanwarta ce ta cika mata kunne, wai musaka zan auro."

Tun zazzaɓin da ya kwantar da ni gajiya ta zame min ciwo. In na wuce ƙarfina yau, jibi ko cokali ba na iya ɗagawa. Ofishin da ke sama wa masu lalura aiki ne ya samo min wurin nan. Anti, jami'ar ofishin, ta sha fama da mai shago kafin ya yarda: rabin yini, a zaune, da hutu in jiri ya taso.

Duk ya san wannan. Shi ne fa mai yi min fifita!

"Don Allah rabin raina, ki tsaya ki yi fara'a, ta gani da idonta."

Wallahi so wani lokaci wauta ne. Na tsaya.

Umma ta zo, 'yar ƙanwar na biye da ita kamar jela, sai yatsina take. Aka shiga aike: ɗauko wancan, a'a na sama, hau tsani ki sauko da shi. Na hau na sauka, ina murmushin dole. Munafukar kuwa waya a hannu, wai hoton kaya take ɗauka.

Umma ta tafi tana sa albarka.

Ni kuwa na kwanta. Kwana da kwanaki ko labule ba a ɗagawa, haske ma ciwo yake min. Mamana ke juya ni.

Da na iya ɗaga waya, Anti jami'a ce.

"Ƙanwata, me ya kai ki? An tura wa mai shago bidiyonki a kan tsani. Ya ce mun yaudare shi, lafiyarki ƙalau. Ko cikakken yini a tsaye, ko ki bar masa wurinsa."

"Anti..."

"Ki sa saurayin naki ya je ya faɗi gaskiya, cewa shi ya ɗauke kujerar. Shaidarsa kaɗai ta ishe ni."

Da yamma ya zo, sai ƙamshin turare, har da sabon aski. Na lallaɓa na fito falo.

"Albishirinki! Umma ta amince!"

Na gaya masa abin da Anti ta ce. Nan take fara'ar ta ɗauke.

"Kai... in na faɗa ai a kunnen Umma zai ƙare. Matar mai shago ƙawarta ce."

"To aikina fa?"

"Wane aiki kuma, Zumata? Bar masa abinsa. Gidanmu hutu ne, girki kawai da 'yar shara. Ai kin nuna kina iyawa in kin so."

In na so!

Turaren da nake mutuwar so ya koma min wari. Ashe duk fifitar nan, shi ma bai taɓa yarda ciwo nake ba. Tir!

"Tashi ka fita."

"Haba rabin..."

"Kar ka ƙarasa, amai zan yi."

Na san aikin ya tafi, kuma rashin aikin ya fi min zafi. Ya tsaya bakin ƙofa yana waiwaye, yana jiran in raka shi kamar kullum.

Ban tashi ba. Kuma yau ba ciwo ne ya hana ni ba.