Dutsen Taimamar Inna Tabawa

Yammacin da abin ya fara, babu abin da ya raba shi da sauran yammaci. Zafin Riyad ya ɗan sassauta, kamar yadda yake yi idan rana ta sunkuya, mutanen gidan Idrisu direba a unguwar Gubaira kuma sun hau saman soro sun shimfiɗa tabarma. Matarsa Safiyatu tana gyaran alayyafo a faranti. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ta jingina da bango ta miƙe ƙafarta mai ciwo a kan matashi. 'Yarsu Nuriyya, wadda ta fara zama budurwa, tana durƙushe kusa da kakarta da waya a hannu, tana nuna mata hotunan tafiyar da suka dawo daga ita ba da daɗewa ba.

Abha suka je a hutun ƙaramar Sallah, can kudu, ƙasar tuddai, inda mutanen Riyad suke gudun zafi. Kafil ɗin Idrisu, wato Balaraben da yake yi wa tuƙi, shi ya ba shi aron mota. Inna Tabawa ba ta je ba saboda ƙafa, a wajen maƙwabta aka bar ta. To ga hoton hanya ta naɗe dutse kamar rawani. Ga gajimare yana yawo ƙasa da ƙafar mutum. Ga birai a kan shinge, ɗaya ya ƙwace biredi daga hannun Idrisu. Ga babban tafkin gari, ga akwatin ƙarfe mai tafiya a kan igiya tsakanin tudu da tudu, Safiyatu a ciki ta rufe ido tana salati. Ga wurin da ake tsayawa a leƙa kwari, ƙauyuka can ƙasa kamar an watsa tsabar gero. Inna Tabawa ta ce ita dai ba ta ga hankali a mutum ya bar ƙasa shimfiɗaɗɗiya ya je yana leƙen rami ba, amma ba ta ce a ɗauke wayar ba.

Hoton ƙarshe na wani ƙaramin tafki ne da suka ratse suka gani a hanyar dawowa. Ruwansa baƙi, ba ya motsi. A gefensa akwai tsohon gini na duwatsu, babu rufi, ƙofa kaɗai ta rage a tsaye. Wani dattijo mai sayar da zuma a bakin titi ya gaya wa Idrisu cewa mutanen da, kafin Musulunci, a nan suke bautar gumakansu, kuma 'yan garin ba sa zama a wurin idan la'asar ta wuce. Idrisu ya nemi tsari, ya sayi zuma, ya kira iyalinsa mota. Nuriyya ce ta zo ƙarshe.

Matafiyi ba ya dawowa hannu rabbana, wannan ko yaron goye ya sani. Idrisu ya kawo wa mahaifiyarsa zuma, Safiyatu ta kawo turare. Nuriyya kuwa ta daɗe tana jin kakarta tana mita. Likita ya hana tsohuwar taɓa ruwa sosai saboda ciwo, sai taimama, ga garin nan bango fenti, ƙasa tayil, ba inda mutum zai buga hannu zuciyarsa ta kwanta. Shi ne yarinyar ta ga wani dutse a dokin ƙofar tsohon ginin, sumul, mai faɗin tafin hannu biyu, ta ciro ta jefa a jaka. Da ta miƙa shi, Inna Tabawa ta shafa ta shafa, ta ce duk gidan nan mutum ɗaya ce mai hankali. Ba wanda ya tambayi inda aka samo. Dutse ai dutse ne.

Suna cikin kallon hoton tafkin nan ladan ya fara kiran magariba. Inna Tabawa ta jawo dutsenta, ta yi bisimilla, ta buga hannu. Sai ga wata tsakuwa ta faɗo tsakiyar farantin alayyafo.

Safiyatu ta ɗaga kai. Sama fayau. Ta ɗauki tsakuwar, ta ji ta da sanyi, a jiƙe kamar yanzu aka tsamo ta daga ruwa, a garin da rabonsa da ruwan sama har an manta. Ta biyu ta faɗo kusa da ƙafar tsohuwa. Suka naɗe tabarma suka sauka.

Daga ranar kullum sai an yi. Da rana lafiya lau, amma da zarar inuwa ta cinye lungun, sai jifa ta fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Idrisu ya tsaya a lungu yana gadi, yana zaton yaran unguwa ne, bai ga ko kyanwa ba. Maƙwabcinsu na ƙasa ya hau ya ce ana fasa masa na'urar sanyaya ɗaki, in ba a daina ba zai kira 'yan sanda. Baƙo mai zaman iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya son jin wannan kalma, ko yana da gaskiya. Idrisu ya ba shi haƙuri a kan laifin da bai san mai shi ba. Sannan aka fara jin nishi a ɗakin Inna Tabawa, nishi mai nauyi irin na wanda aka danne, kuma ba ya zuwa sai lokacin salla.

Ana nan sai Nuriyya ta fara jin sanyi. A cikin zafin da ke narkar da kwalta, ita tana ƙudundune a bargo haƙoranta suna kaɗawa. Ta daina cin abinci. Aka kai ta asibiti, aka auna abin da za a auna, aka ce ba su ga komai ba. Yarinyar nan a Riyad aka haife ta, Larabci ne a bakinta, Hausarta gutsi-gutsi ce har ana yi mata dariya. Amma wata magariba ta dubi uwarta ta ce, da Hausa tsantsa da muryar tsohuwa, a mayar da ita gida, ta gaji da garin nan marar ruwa. Ludayi ya faɗi daga hannun Safiyatu.

Bayan wannan ne aka nemi Nuriyya aka rasa, Safiyatu ta hau soro ta same ta tsaye a kan katangar, fuskarta kudu, ƙafa ɗaya a iska. Allah ne ya sa hannun uwa ya kai ga rigar. A nan kowa ya gane cewa ba zancen jifa ake ba. Yarinyar ake son ɗauka.

Idrisu ya je ya zo da Malam Saidou, mutumin Damagaram, wanda ya daɗe yana karatun addini a jami'a a nan garin. Ba ya laya, ba ya turare, Alƙur'ani kaɗai yake karantawa. Ya zo bayan sallar magariba, ya zauna a ɗakin Inna Tabawa, aka kwantar da Nuriyya a gabansa uwarta tana riƙe da kanta. Ya fara karatu a hankali. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar tsakuwa a kan rufi. Can jikin yarinyar ya sandare, idonta ya juye, bakinta ya buɗe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona wadda aka riga aka ƙona."

Malam Saidou bai daina ba sai da ya kai ƙarshen aya. Sannan ya tambaye ta ko ita wace ce, kuma me yarinya ta yi mata. Ta ce sunanta ba ya zama a harshen ɗan Adam. Ta ce tsohuwa ce ita ma, a ƙarƙashin dokin ƙofar nan na bakin tafki take tun ana yanka a wurin, masu yankan suka ƙare, ita ta zauna. Tana barci a jikin dutsenta aka ciro ta, aka jefa ta jaka tare da ɓawon lemo. Hausar ma a ɗakin nan ta koya, wajen mai mita.

"Kuma wannan tsohuwar," in ji muryar, "sai ta kira sunan Allah ta kwaɗa mini mari da hannu biyu. Asuba mari, azahar mari. Me na yi mata?"

Sai a lokacin Idrisu ya juya ya dubi dutsen da ke gefen sallayar mahaifiyarsa. Inna Tabawa kuwa, da ake zaton za ta ruɗe, sai ta gyara zama.

"Ni ina na san da ke? Da kin yi magana."

"Na yi jifa."

"Jifa magana ce? A garinmu mahaukaci ne yake jifa."

Malam ya ɗaga hannu ya ce Inna ta yi haƙuri. Ya gaya wa aljanar cewa yarinya ba da sani ta yi ba, tsaraba ta kawo wa kakarta, kuma zalunci ne a kama ta. Ya kira ta zuwa Musulunci. Ta ce ta tsufa da sauya ɗaki. Ya ce to ta fita. Ta ce a yanka mata baƙin rago a zuba jinin a kan dutsen. Ya ce ba za a yi yanka don wanin Allah a gidan nan ba, ko ɗan tsako. Ta ce to a bar ta a jikin yarinyar, yarinyar ta kai ta har bakin tafki da ƙafarta. Malam ya ce in an je can ba za ta sake ta ba. Muryar ba ta musa ba.

Ya koma karatu, ya ɗaga murya. Nuriyya ta fara mimmiƙewa, jini ya ɓalle mata ta hanci, Safiyatu tana kuka ba sauti. Muryar ta ce, a hankali, in aka fitar da ita da ƙarfi za ta fita, amma ba za ta fita ita kaɗai ba. Malam ya dakata. Ya san wasunsu ƙarya suke yi, ya kuma san ba duka ba.

"Ke," in ji Inna Tabawa. "Koma cikin dutsenki. Ni na mare ki, ni zan kai ki inda aka ɗauko ki."

"'Yan Adam kuna faɗa ku saɓa. Kya jefar da ni a hanya."

"In ban kai ki ƙofarki ba, ki zauna da ni. Amma jikata kin bar ta har abada."

Malam Saidou ya ce, "Inna, ba a yi musu irin wannan alkawari." Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Muryar ta ce ta karɓa. Malam ya sa ta rantse da wanda ya halicce ta cewa ba za ta ƙara kusantar yarinyar ba, ta rantse. Ƙafar Nuriyya ta hagu ta yi rawa, ta yi rawa, sannan ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Jifar ta tsaya. Da Idrisu ya kai hannu kan dutsen, sai ya janye, don sanyinsa har cikin ƙashi, ruwa kuma yana tsattsafowa daga jikinsa.

Idrisu ya roƙi kafil ɗinsa mota karo na biyu, bai faɗi dalili ba. Aka ɗauki Inna Tabawa aka sa a kujerar baya, dutsen naɗe a ɗankwali a kan cinyarta. Tafiya ce mai nisa, sahara sannan tuddai, ba ta yi barci ba, ba ta kuma yarda ɗanta ya karɓe shi ba. Da suka fara hawa, gajimare ya rufe su, ba ta ga kwari ba, ba ta ga ƙauyukan da aka nuna mata a waya ba. La'asar ta yi sanyi lokacin da suka ratse zuwa ƙaramin tafkin.

Tafki yana nan, baƙi, ba ya motsi. Ginin ne babu. An baje wurin, an fara shimfiɗa daɓe, an kafa shingen ƙarfe inda masu yawon buɗe ido za su riƙa tsayawa ɗaukar hoto. Wata babbar motar rusau tana ajiye a gefe, ba kowa a ciki. Mai zuma ma ya tashi. Idrisu ya zaga ya zaga yana neman ko alamar ƙofar, bai samu ba.

Inna Tabawa ta daɗe a tsaye, dafe da kafaɗar ɗanta. Sannan ta sa ya kai ta gindin wata bishiya a bakin ruwa, ta sunkuya da ƙyar, ta kwance ɗankwalin ta ajiye dutsen.

"Ga tafkinki, ga tudunki," ta ce. "Ƙofa kam babu, kuma ba mu muka rushe ba. In kin iya zama, ki zauna. In ba ki iya ba, abin da na faɗa na faɗa."

Suka koma mota. A hanya Idrisu ya lura mahaifiyarsa ta matsa can jikin ƙofa, ta bar rabin kujera, kamar yadda ake yi wa abokin tafiya.

Nuriyya ta warke sarai. Ta ci, ta yi ƙiba, ta koma makaranta, ba ta tuna komai sai cewa ta yi zazzaɓi. Ba a sake jifa a gidan ba, maƙwabci ma ya dawo yana gaisuwa. Sai dai Inna Tabawa ta sa aka mayar da shimfiɗarta ɗakin ƙurya, ta kuma kafa doka: daga faɗuwar rana zuwa lisha ba mai shigar mata. Safiyatu takan ji ta tana magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci da faɗa, wani lokaci da lallashi. Malam Saidou ya ce zai zo ya yi mata karatu, ta ce ya bari tukuna, ta san ita aka ajiye a madadin jikarta.

Wata magariba Nuriyya ta manta, ta haɗa shayi da zuma ta nufi ɗakin, ta yi sallama ta kama marfin ƙofa. Marfin da sanyi. Maganar ciki ta tsaya.

"Ajiye nan, 'yar albarka," in ji Inna Tabawa daga ciki. "Koma wajen uwarki. Ina da baƙuwa."