Fentin da Bai Bushe Ba

Ni na fara gani. Kafin goggonta, kafin ƙawayenta na kantin magani inda take aiki, ni na gano jikata ta kamu da son kafintan nan. Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in da biyu na yi ina fentin gidajen mutane. Wanda ya san inda bango ke ɓoye tsaga, fuskar yarinya ba za ta gagare shi ba.

Tun tana shekara shida take hannuna, bayan hatsarin motar da ya ɗauke mini ɗana da matarsa rana ɗaya. Daga ni sai ita a gidan. A wurina ta fara riƙe burushi, sai dai ita ba bango take shafawa ba. In ta taso daga aiki sai ta shige ɗakin baya, ta jera lemo uku da buta a kan tebur kusa da taga, ta zauna tana fito da kamanninsu da fentin mai a kan ƙyalle. Ran hutu kuwa bakin rafi take zuwa, ta zano itatuwa da duwatsu. Mutum ne kaɗai ba ta zanawa.

"Uwargida, lemon nan fa ya fara yamushewa. A ba maigida ya sha mana."

"Kaka, ka taɓa shi mu ɓata! Saura inuwarsa."

"Inuwar lemo! Mu da muka yi wa bene hawa huɗu fenti ba mu tsaya wata inuwa ba."

"Shi ya sa ka faɗo daga na uku."

Gaskiya ta faɗa, na faɗo, na kuma tashi. Ambaliya ta ci rabin gidan nan, na sake ginawa. Gobara ta lashe rufin, na sake rufawa. Kowa a layinmu ya san rantsuwata: ba mai fitar da ni daga gidan nan sai makara.

Shi kafintan, katakon da ake ɗaure ƙyallen zane a kai yake haɗa mata. Awon minti biyu sai ya kai shi awa guda. Yau ya manta tef ɗinsa, gobe fensir, jibi kofin shayinsa. Na ce a raina, yaro, mu ma mun yi irin wannan mantuwar.

Wata rana da la'asar ina kishingiɗe a kujera, sun ɗauka barci nake, na ji su a bakin ƙofa.

"Sau uku ke nan ina tambayar ki aure ni, masoyiyata..."

"Na sani."

"Wa ya ce ki bar shi? Ɗakin da ke kusa da shagona na gyara masa. Da mahaifiyata na iya tashi da ƙafarta, wallahi ni zan dawo nan. Ba zan iya barinta ba."

"Ni ma ba zan iya barinsa ba. Ka san rantsuwarsa. In na roƙe shi zai biyo ni, amma zai karye... Mutumin da ya zame mini uwa da uba, in sa a yi masa dariya a layi?"

"To ni fa, hasken idona?"

Sai ya ƙara da cewa, "Ba zan ƙara tambaya ba, kada in zame miki kaya." Na ji tafiyarsa har ta ɓace.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: daɗi na ji. Allah Ya yafe mini. Ni da ban ji tsoron ruwa ko wuta ba, ashe tsoron shiru nake ji a gidan da ba ta ciki. Na ƙara runtse ido, har da ɗan munshari.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Kwana biyu ta yi a ɗakin baya, ta fito da sabon zane: gidanmu ne, da bishiyar ƙofar gida, rana na faɗuwa a bayan rufin. Kai, ya yi kyau! Da ta tafi aiki na ce bari in kai wa abokaina a kan benci, su ga gidan da ya gagari ambaliya.

To, mu a sana'armu, ka shafa da safe, kafin azahar ka jingina da bangon. Ina na san nata yakan yi mako bai bushe ba? Na hango 'yar ƙura a sararin saman, na sa hannun riga na share.

Sai sama ta biyo rigata.

Innalillahi! Na ce ba komai, gwani ne a gida. Na ɗauko tsumma na tsoma a kananzir don in daidaita wurin. Ina gogawa rufin na narkewa, bishiya ta zama kwata. Sai na ga wani abu na leƙowa daga ƙasa, busasshe ƙarau, tsumma ba ya cinsa.

Tef. Fensir. Kofin shayi.

Na zauna daɓas. Har inda bakin kofin ya ɓalle ta fitar. Har shatin haƙoransa a gindin fensirin. Na ga ta zana lemo fiye da ɗari, ban taɓa ganin wanda ta yi wa irin wannan hidimar ba. Yarinyar da ba ta zana mutum, ga shi ta zana mutum sukutum. Kuma gidana ta ɗauko ta binne shi da shi.

A haka ta dawo ta same ni, fenti har gemu.

"Kaka! Me ka yi?"

"Ƙura na share."

"Wayyo Allah, zanena..." Sai idonta ya faɗa kan kofin. Ta toshe baki da hannu.

"Uwargida, wannan kofin na wane ne?"

"Ƙyalle ne ya ƙare mini, shi ya sa na maimaita a kai."

"Ga sababbi huɗu can a bayan ƙofa. Ni za ki yi wa fenti a ido?"

Ta durƙushe ta kifa kai a gwiwata, kukan kwana uku ya ɓalle. "Kai kaɗai gare ni, Kaka... kai kaɗai!"

"Ƙarya kike, mu biyu ne. Ran nan ba barci nake ba, na ji komai, na yi shiru. Shirun nan ya fi faɗowa daga bene ciwo."

"Rantsuwarka fa?"

"Ni na ɗaure ta, ni zan kwance. In azumi uku ne, na yi wanda ya fi shi. Miƙo mini sandata."

Da ƙafata na je shagon, ban ko canza riga ba. Yana ganina zarto ya faɗi daga hannunsa.

"Kai, ɓarawon matan mutane! Ina ɗakin?"

"Baba... wane ɗaki?"

"Wanda ka gyara mini. Ko ka sa haya?"

Ya buɗe mini ƙofar. Taga babba, gado, har da ƙarfen dafawa a bango saboda ƙafata. Sai na juya ga bangon.

"Wa ya yi wannan fentin?"

"Ni ne, Baba."

"Riƙe gudumarka, ka bar wa manya burushi. Zan ba ka matata, amma bangon nan sai na sake shi."

Ya zube ya kama hannuna, shuɗi da ja duk suka shafe shi. Daga cikin gida mahaifiyarsa ta ɗaga murya tana tambayar wa ke kuka. Na ce mata ɗanta ne.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ni na ja ƙofar gidana na sa kwaɗo da hannuna, ina tsaye kan ƙafata. 'Yan benci suna ta yaɗawa wai an ga hawaye a gemuna, wai tsufa ne ya kore ni. To, bango biyu suka rage a gidan surukina. Duk mai wannan maganar ya ɗauko burushinsa ya zo gobe da safe, ya kama ɗaya in kama ɗaya, mu ga wanda zai fara neman kujera!