Rijiyar Gidan Su Ummaru

Kwanan baya na karanta labarin wani attajirin ƙasar Bama, can Asiya, abokin janar-janar: katako nasa, otal nasa, jirgin sama nasa. Ban yi mamaki ba. Mu ma mun yi namu a ƙasar Maradun, shekarun da ake gina madatsar Bakolori. Ummaru sunansa. Ƙanwarsa Asma'u na aura, don haka ba a bakin kasuwa na tsinci labarin ba.

Tafintan masu awon ƙasa ne, shi ke riƙe musu lema. Ya ga kwangila na faɗa wa mutanen da ba su fi shi wayo ba, sai ya nufi wajen wani boka, Ɗantala, a bayan Janbako.

Da tsakar rana ya isa. Bukkar ba taga. Tuluna bakwai a kife jikin bango, ƙasan kowanne a jiƙe. Daga rufi, busassun kwaɗi na reto a tsohuwar igiyar guga.

"Mi kake biɗa?" in ji bokan.

"Manya su san sunana."

"Za su sani. Mi za ka ba ni?"

"Sa. Ko biyu."

"Na ci nama jiya. Rijiyar gidan ubanka nika so."

Ummaru ya danne dariya. Ya ga taswira da idonsa, ya san baɗi ruwa zai shanye ƙauyensu.

"Rijiya kaɗai, baba?"

"Da duk wanda ta shayar."

"Haɗa har da gugan."

Ɗantala ya ɗaga tulu guda, ya sa shi tofa yawu ciki sau uku da sunan ubansa, ya mayar ya kife.

Kafin damina wani babban soja ya ɗauke shi aboki. Saran itatuwan kwarin da ruwa zai ci, nasa. Tifofin yashi, nasa. Otal a Talata Mafara, injin casar shinkafa a Bakura. Gwamnati ta sauya, shi ne farkon masu gaisuwa. Manoman da aka tasa daga gonakinsu sukan wuni a ƙofarsa, a fito a ce Alhaji na barci.

Ruwa ya rufe ƙauyen. Sai ƙishirwa ta kama uwarsa, Dada. Ta shanye randa ta ce ba a ba ta komai ba. Kwana tara ta yi. Wansa Mamuda aka tsinta a bakin kwatar ban-ruwa, fuskarsa cikin ruwa, harshensa kamar busasshiyar fata. 'Ya'yan Ummaru, da suka tashi da ruwan famfo, ko ciwon kai ba su yi ba.

Da abin ya zo kan Asma'u, Ummaru ya zo dubiya cikin farar mota, ya ce mini:

"Malam, kai ta Sakkwato ga likita. Ka ce ni na aiko."

Ta ɗago kai daga kwaryar ruwa, leɓenta duk a tsage.

"Yaya, mi ka sayar?"

A gabana ya faɗa mata gaskiya. Ya koma wajen Ɗantala da kuka.

"Mai sauƙi ne," in ji bokan. "Jawo guga ɗaya daga rijiyar ka ba ta."

Rijiyar kuwa tana ƙarƙashin tafki. Ya tara masunta suka yi ta nutso. Ya sayar da tifofi, ya sayar da otal, ya kawo injuna. Ba wanda ya iya raba ruwan rijiya da ruwan da ke kanta. Ran Laraba na binne matata. Sojan ya daina amsa sallamarsa.

Shi Ummaru, tasa ƙishirwar ba ta kashe shi ba. Shekara goma sha ɗaya yana yawo cikin kwalekwale, ya jefa guga, ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Ba shi ba ne."

Ban taɓa yi masa addu'a ba, Allah ya yafe mini. Kai kuma da ke hangen motar wani, in an ce ka ba da abin da kake ganin ba ya da amfani, tsaya ka tambayi waɗanda suke sha daga cikinsa. Su ba a tambaye su ba.